Tsanin Rumbu a Kan Karo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta kuma bai manta da maganinta ba. Jama'a, ku taya ni murna. Ranar Larabar da ta wuce maigidana, baban Zali, ya fita daga ƙofar gidanmu da ƙafafunsa biyu, ba sanda ba komai, ya je bakin kwalta ya sayo goro ya dawo. Ni kuwa ina tsaye bakin zaure baki har kunne, sai ka ce wadda ɗanta ya fara tatata. Tun ranar bakina bai huta ba. Maƙwabta sun gaji da ni, mai nika ta gaji da ni, shi ya sa na ce tunda na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida bari in zuba labarin a takarda, masu hawa tsani su ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Ɗan Kassari. Shekara bakwai ke nan da muka dawo Dogon Dutsi da zama. Da damina maigidana yana komawa gona, da rani kuma wankin gilashi yake yi. Shi ya ƙago wa kansa sana'ar, ba wanda ya koya masa. Ya ga 'yan kasuwa sun shiga gina shaguna da gidajen sama masu manyan tagogi, manyan motoci suna wucewa suna bule su da ƙura, zanzaro yana gini a kusurwa, tsuntsaye suna aikinsu, ba mai gogewa. Sai ya nemi bokiti da omo da tsumma da tsofaffin jaridu, ya je ƙauye ya ɗauko tsanin rumbun mahaifinsa.

Wanda bai san tsanin rumbu ba, gungumen kirya ne guda ɗaya, kansa ya rabu biyu kamar gwafa, an sassare masa matakai da gizago. Ƙafarsa ɗaya ce tak. In za ka hau, sai ka murza gindin cikin rairayi ya nutse, ka jingina gwafar, shi ke nan ya zauna daram. Shekara shida yana hawansa a garin nan ko zamewa bai taɓa yi ba, don ko'ina ka je gaban shago rairayi ne. Har alfahari yake yi wai tsanin ƙarfe na ragwaye ne.

Akwai kuma wani abu. A gidansu mace ba ta leƙa rumbun miji, ba ta kuma taɓa tsaninsa, wai albarkar hatsi guduwa take yi. Satin da aka kai ni, Inna uwar mijina ta kama hannuna ta nuna mini tsanin ta ce in yi nesa da shi. Na yi nesa da shi kuwa. Har a nan birni, inda ba rumbu ba dami, in ina shara kewaye shi nake yi. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Sabo turken wawa.

Akwai wani Alhaji mai gidan sama a bakin kwalta, shaguna a ƙasa, biro-biro, wato ofisoshi, a sama. Ni nake masa shara da goge-goge sau uku a sati, baban Zali kuma yana wanke tagogin duk wata. To bana sai Alhaji ya sa aka shimfiɗa karo a gaban shagunan, irin daɓen nan mai sheƙi da santsi, daidai inda da yake rairayi. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba, don shara ta yi sauƙi.

Ranar da abin zai faru, da hantsi ne, kamar wata biyu bayan an gama kaka. Na gama goge karon, na watsa sauran ruwan omo gefe. Baban Zali ya zo da tsaninsa a kafaɗa, ya murza gindin a kan karo kamar yadda ya saba murzawa a rairayi, ya jingina, ya hau. Wallahi da idona na ga ruwan nan yana gangarowa a hankali zuwa gindin tsanin. Na ga tsanin ya ɗan motsa. Tsakanina da shi taku biyu ne. Hannuna ya ɗaga da kansa, sai kuma ya koma, don mace ba ta taɓa tsanin rumbu. Ban ankara ba sai ƙarar itace a kan karo. Ya diro a tsaye a kan dunduniyar dama, sannan ya zauna daɓas, bokiti ya kife a kansa.

Ya ce ba komai, a ba shi minti biyu. Fuskarsa kuwa ta koma kamar toka. Kafin a tsayar da kabu-kabu ƙafar ta cika takalmin, sai da aka yanka robar da reza.

A gidan likita na nan garin aka yi masa allurar kashe zafi, aka naɗe ƙafar, aka ba mu takarda aka ce irin wannan sai mai ƙashi ya gani a Doso. Kafin gari ya waye labari ya kai ƙauye. Sai ga Inna da Yaya Gado, wan mijina, sun sauka daga mota da ƙullin kayansu da shawarwarinsu.

Kai, ranar na ga kasuwa a tsakar gidana. Yaya Gado ya ce ba Doso ba ko'ina, akwai mai ɗori wajen Gesheme, kara da tofi kawai, sati uku mutum ya tashi da gudu. Inna ta ce ai ba karo ba ne ya kayar da shi, iskar rumbu ce, an raba ta da tsaninta shekara shida, dole a yi mata yanka a mayar da abinta. Maƙwabcinmu Malam Sanusi, matashi mai shagon kayan waya, yana jin haka ya leƙo da man zaitun da habbatus sauda, ya ce Inna ta yi haƙuri amma wannan magana shirka ce. Inna ta tambaye shi ko shi ya haifi yaron. Suna ta yi a kan ƙafar, mai ƙafar yana kwance yana cije leɓe, ba wanda ya tambaye shi.

Ni ban raina mai ɗori ba. Shi ya ɗora hannun ƙanena, ga shi nan yana faskare da shi. Amma na dubi ƙafar nan na ga ba dogon ƙashi ba ne da za a jera wa karare. Ban san lokacin da na buɗe baki na ce wa Yaya Gado gobe da asuba Doso za mu, wanda zai bi mu bismilla. Tunda nake ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya ce to, mai tunkiya ita ke da magana, don ya san tunkiyata za a sayar. Aka kuwa sayar da ita da yammar nan.

A Doso mun isa da sassafe muka tarar layi ya riga mu. Layin tikiti daban, layin radiyo mai hoton ƙashi daban, layin ganin likita daban, kowanne da bencinsa, shi kuwa ba ya iya tsayuwa. Yaya Gado, Allah ya saka masa, duk da fushin da yake yi shi ya riƙa goya ƙanensa daga benci zuwa benci. Sai bayan azahar muka shiga. Likitan ɗan gajere ne mai tabarau. Ya ɗaga hoton ga haske ya ce kalkaniyom. Na ce mi? Ya yi dariya ya ce ƙashin dunduniya ne, ya tsage kamar ƙwai amma bai rushe ba, mun yi sa'a ba sai an yi aiki ba. Sannan ya cire tabarau ya dube ni, ba mijina ba.

"Madam, sati goma sha biyu ƙafar nan ba ta taɓa ƙasa. In ya taka ta kafin nan, dunduniyar ta baje. Ba noma, ba hawa, sai ɗingishi har ƙarshen rai. Ke na ba amanarta."

Na karɓi amana, da ordonas, takardar sayen magani, mai tsawon zira'i. Kalmar nan kuwa ta zauna mini a baki, har Zali 'yarmu ta koya, in ta ga uban ya motsa sai ta ce Baba, kalkaniyom.

Sati na biyu shi ne na tsoro. Ƙafar ta yi baƙi da shuɗi har ƙwauri, ƙuraje masu ruwa suka fito kamar ƙunar wuta. Likita ya ce ba za a sa simintin ɗori ba sai kumburin ya saɓe, a riƙa ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Na kife turmina na ɗora matashi, ƙafar ta hau can ta zauna kamar sarauniya, ni kuma na koma aron turmi gidan maƙwabta. Inna ta zauna da mu, tana dama masa kunu tana gunaguni. Na kama ta sau biyu tana turara ƙafar da wani haki, na yi kamar ban gani ba, tunda hayaƙi ba taku ba ne. Man zaitun Malam Sanusi ma mun shafa a gwiwa. Kowa dai ya samu inda ya sa hannu.

Sati na uku muka koma aka sa siminti daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Kafinta ya yi masa sandunan hammata. Nan sabuwar fitina ta tashi, ƙaiƙayi. Mutumin nan babba da gemunsa na kama shi yana zura karan dawa cikin simintin, karan ya karye a ciki, muka kwashe rabin yini muna zaro shi da tsinke. Na yi masa faɗa, na yi dariya, na sake yi masa faɗa. Kuɗin mota da magani suka cinye tunkiya suka shiga waken da muka ajiye, amma wannan duk mai jinya ya san shi, ba sai na tsaya lissafi ba.

Duk wannan lokaci akwai abin da ke cina. Kowa yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni kuwa na san ruwan wa ya gangara, na san hannun wa ya ɗaga ya koma. Ban gaya wa kowa ba. Ina ba shi tuwo ina kallon gefe.

A sati na biyar Alhaji ya aiko. Gaskiya ya yi kirki, buhun shinkafa ya aiko da shi, ya kuma biya ordonas ɗin farko. Amma tare da buhun akwai saƙo: daga yau ba mai sake kafa tsani a gidansa, na itace ko na ƙarfe, ba zai ɗauki alhakin ran kowa ba. Kafin kwana uku sauran masu shaguna sun bi sahu, wannan ya ce shi ma haka, wancan ya ce gara gilashin ya zauna da dauɗarsa. Na ji haushinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Baban Zali ya daina cin abinci. Sana'ar da ya ƙaga da hannunsa ce ake rufewa yana kwance da ƙafa a kan turmi.

Da safe na dawo daga famfo da tulu a kai, sai na same shi a zaure, ya sa riga da hula, takalmi a ƙafar hagu. Ya jingine sandunan a bango don kada Alhaji ya gan shi kamar gurgu, yana ƙoƙarin sauke simintin ƙasa. Na saki tulun ya fashe. Na tura shi ya zauna a dakali, na kama ƙafar da hannu biyu na ɗaga ta, ina kuka ina masifa. Na ce sati biyar ina ɗaukar fo, ina aron turmi, tunkiyata ta tafi, shi kuma zai baje dunduniyar don ya je roƙo. Ya ce to mi za mu ci. Sai maganar ta kuɓuce mini. Na ce ni na kayar da shi, ruwana ne, kuma na ga tsanin yana motsi ban riƙe ba.

Na ɗauka fushi zai yi. Sai ya ce:

"Na ga ruwan tun kafin in hau. Na gan ki kusa. Na so in ce ki riƙe mini, kunya ta hana ni."

Ikon Allah. Mutum biyu, taku biyu tsakaninsu, kowa ya ga abin yana zuwa, kowa ya yi gum saboda rumbun da yake can ƙauye. Na zauna a ƙasa cikin ruwan tulu, ƙafarsa a cinyata, muka yi ta dariya kamar mahaukata, hawaye na zuba. Inna ta leƙo ta gan mu ta koma ciki.

Na sa ya rantse ba zai sake sauke ƙafar ba, ni kuma na ce tagogin nan ba za su kuɓuce mana ba, duk da ban san ta yaya ba. Hajo ce ta buɗe mini ido, Bafulatanar da ke kawo mana nono. Tana jin labarin ta taɓe baki ta ce su ba sa hawa gawo, amma ba ɗan gawon da ke gagarar awakinsu, ga gora mai tsawo me zai kai mutum sama. Washegari ta zo da ɗaya daga cikin gorunan mijinta a kafaɗa, irin mai ƙugiya da suke kaɗo 'ya'yan itace da ita.

Na cire ƙugiyar na ɗaura tsumma na tafi gidan Alhaji. Kai, ranar na zama abin kallo. Ruwan omo ya biyo gorar ya shiga hannun rigata ya sauka har ƙugu, ya shiga idona, gilashin kuwa ya fi da muni, duk zane-zane. 'Yan shaguna suka fito suna tafi suna cewa sannu da aiki madam gora. Na ce su yi dariyarsu, za su biya ta.

Da na dawo na ba shi labari, sai na ga idonsa ya dawo. Ya ce in kawo gorar. Yana zaune ƙafa a kan turmi ya sassaƙa ɗan katako ya gicciya a kai, ya yanko robar tsohon tubun babur ya kafa a gefe ɗaya don share ruwa, tsumma a ɗaya gefen, ya ɗaura wani tsumman a tsakiyar gorar don ya tare ruwan da ke gangarowa. Ya cinye tuwon ranar har ya nemi ƙari. Daga sati na bakwai a amalanken jaki ake kai shi, a ajiye shi a kujera cikin inuwa, ƙafa a kan kifaffen bokiti, yana ba da oda kamar kwamanda: hagu, sama kaɗan, kin bar kusurwa. Na sha cewa in ya ƙara magana ɗaya zan goge masa fuska da tsumman. Alhaji ya sauko ya tsaya yana kallon tagarsa tana ɗaukar ido, ya dubi gorar daga sama har ƙasa, ya ce wannan ai ba tsani ba ne, mu ci gaba. Waɗanda suka yi mini tafi su suka fara kiran mu.

A sati na tara aka yanke simintin. Ƙafar da ta fito ba ta mijina ba ce, siririya, fata tana saɓulewa, ga wari ba a magana. Likita ya ce saura sati uku, a riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, yana murza kwalba da tafin ƙafar yana zaune. Sati ukun nan sun fi taran tsawo.

Kafin in kai ku ranar takawa, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ku masu wankin gilashi da masu fenti da masu gyaran kwano, tsani mai ƙafa ɗaya na rairayi ne, kada ku kai shi kan karo ko siminti. Ku duba ƙasa kafin ku duba sama, in da ruwa ku jira ya bushe. Abin da gora za ta kai, ku bar wa gora. In kuma hawan ya zama dole, to a samu mai riƙewa, ko wane ne yake kusa, namiji ko mace, kuma ku buɗe baki ku faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsanin namu ya koma ƙauye ya jingina da rumbunsa, kuma ni na kama gindinsa muka ɗora a amalanke. Hatsin yana nan, ba abin da ya same shi.

A sati na goma sha biyu likita ya ɗaga sabon hoto ga haske ya ce ya kama, madam kin riƙe amana, a fara takawa a hankali. Na so in yi guɗa a biro ɗinsa, na danne. Muka dawo gida da la'asar muka tarar Inna ta shimfiɗa tabarma, Yaya Gado ya zo daga ƙauye, Malam Sanusi ya rufe shago, Hajo ma ta ajiye ƙwaryarta tana jira.

Ya miƙe a kan ƙafar hagu ya ajiye sandunan. Sai abin mamaki. Mutumin da na sha kokawa da shi don kada ya taka, yau an ce ya taka ya kasa. Ƙafar ta tsaya a sama, tazarar yatsa biyu tsakaninta da ƙasa, gumi yana keto masa. Tsoro ne, na gane shi. Yaya Gado ya matso ya miƙa masa hannu. Bai kama ba. Ya waiwayo inda nake tsaye bakin madafa. Tun aurenmu mutumin nan bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, balle gaban uwarsa.

"Bibata, riƙe ni."

Na zo na sa kafaɗata ƙarƙashin hannunsa. Dunduniyar ta sauka a kan rairayi. Ya ja numfashi, ya ɗora nauyinsa, ta ɗauka. Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango don kunya, kamar yadda ya kamaci uwa. Amma muna wucewa ta gabanta na ji ta tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, ɗaya, biyu, uku, har muka kai bakin zaure.

Allah ya tashi kafaɗun duk wanda ke kwance, ya ba masu jinyarsa haƙuri da ladan wahalarsu.